Babi na Shida: Matar da Ta Buɗe wa Dakarun Jiki Ƙofar Ƙwaƙwalwa

Akwai wani ɗan kifi mai ruwan zinare da ake kiwo a kwalba don ado. In aka datse jijiyar da ta haɗa idonsa da ƙwaƙwalwarsa, nan take idon ya makance. A mayar da shi ruwa a ci gaba da ba shi abinci, bayan 'yan makonni zaren jijiyar za su sake tsirowa, su bi tsohuwar hanyarsu har su isa mazauninsu, kifin ya koma yana gani. A yi wa ɓera ko zomo ko ɗan Adam irin wannan yanka, makantar ta zauna ke nan har kabari.

Wannan kifi ne ya fara ɗauke hankalin Michal Schwartz a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da ta je Jami'ar Michigan a Amurka ta zauna a ɗakin binciken Bernard Agranoff. An haife ta a Isra'ila a 1950. Ilimin sinadarai ta fara karantawa, sannan a 1977 ta gama digirin digirgir a Cibiyar Weizmann da ke Rehobot, kan garkuwar jiki. Wato ta shigo fagen jijiyoyi ne daga wani gida, kuma baƙo yakan ga tsagar bangon da masu gida suka daina gani.

A lokacin, masana ƙwaƙwalwa suna da hukunci biyu da suka ɗauka sun gama zama. Na farko ya samo asali daga Santiago Ramón y Cajal, ɗan ƙasar Sifaniya wanda ya karɓi lambar Nobel a 1906. Bayan shekaru yana duban jijiyoyin da aka ji wa rauni ta madubin ɗakin gwaji, ya lura cewa jijiyar hannu ko ta ƙafa tana tsirowa in ta tsinke, kimanin milimita ɗaya a rana, amma zaren da ke cikin ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya sai su ɗan yunƙuro, su tsaya, su bushe. Hukunci na biyu shi ne cewa ƙwaƙwalwa gida ce mai ganuwa, wadda dakarun garkuwar jiki ba sa shiga. Tun a 1885 Paul Ehrlich a Jamus ya zuba rini a jinin dabba, ya ga kusan duk gaɓoɓi sun rine ban da ƙwaƙwalwa. A 1948 kuma Peter Medawar a Ingila ya dasa fatar wani zomo a cikin ƙwaƙwalwar wani, fatar ta zauna lafiya, alhali da a gadon bayansa aka dasa ta, da jiki ya yi waje da ita cikin kwanaki. Daga nan maganar ta kafu: fararen ƙwayoyin jini ba su da hurumi a ƙwaƙwalwa, duk ranar da aka gan su ciki, ɓarna suka zo yi.

Ba a banza mutane suka yarda da haka ba. Kumburi a hannu yana da wurin faɗaɗa, amma ƙoƙon kai ƙashi ne, ba ya buɗewa. Duk wanda ya ga yaron da sanƙarau ya kama a bazarar ƙasar Hausa, wuya ya sandare, daga baya ya tashi ba ya ji, ya san abin da kumburin rufin ƙwaƙwalwa ke iya yi. Ga kuma cutar da likitoci ke taƙaita sunanta da MS, inda wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin T ke afka wa mayalin, wato farin kitsen da ya lulluɓe zaren jijiya kamar yadda roba ke lulluɓe wayar lantarki. Saboda haka dabarar asibiti ta zama ɗaya: a kashe wutar kumburi ko ta halin ƙaƙa. A 1990 wani babban gwaji a Amurka, ƙarƙashin Michael Bracken na Jami'ar Yale, mai majinyata 487, ya ba da rahoton cewa ɗura maganin sitiroyid mai yawa cikin awa takwas da rauni yana ɗan taimaka wa wanda lakarsa ta ji ciwo. Asibitoci a faɗin duniya suka rungumi wannan.

Sai dai tun kafin nan hukuncin farko ya fara girgiza. A 1981, a birnin Montreal na Kanada, Samuel David da Albert Aguayo suka yanko guntun jijiyar ƙafar ɓera suka yi gada da shi a lakarsa. Zaren da aka ce ba sa tsirowa suka shiga gadar suka yi tafiyar fiye da milimita 30. Ashe iri yana da rai, ƙasar da aka shuka shi ce ba ta karɓa. Masu bincike suka bazama neman abin da ke cikin wannan ƙasa. Martin Schwab a Zurik ya gano cewa a cikin mayalin ɗin kansa akwai sinadarin da ke taka wa tsiro birki, wanda daga baya aka raɗa wa suna Nogo. A 1987 kuma, a Oxford, Hugh Perry da Michael Brown da Siamon Gordon suka lura da wani abu daban. Akwai manyan fararen ƙwayoyin jini da ake kira makarofaj, ma'anar sunan a Girkanci "babban mai ci", aikinsu haɗiye matattun ƙwayoyi da tarkace. In jijiyar ƙafa ta tsinke, cikin 'yan kwanaki sukan yi dafifi a wurin su share shi fes. In jijiyar ido ce, 'yan kaɗan ne ke zuwa, a makare, tarkacen ya yi watanni a jibge.

A nan Schwartz ta yi tambayar da ta zama aikin rayuwarta. Ko'ina a jiki, rauni ba ya warkewa sai da hannun waɗannan ƙwayoyi. Ƙurji ma sai ya yi ja, ya yi zafi, ya nuna, sannan ya warke. To me zai sa gaɓar da ta fi kowace daraja ta zama ita kaɗai ce ba ta bukatar masu gyara? Ta yi zargin cewa laka ba ta warkewa ne saboda masu aikin gayyar ba sa isowa da yawa, kuma ba sa isowa kan kari.

Ta gwada. Ita da ɗalibanta suka ɗebo makarofaj daga jinin manyan ɓerayen gwaji, suka ajiye su tare da guntun jijiyar ƙafa don su farka, sannan suka zuba su cikin lakar ɓerayen da aka datse gida biyu. A 1998 mujallar Nature Medicine ta buga sakamakon: wasu daga cikin ɓerayen da ƙafafunsu na baya suka shanye sun dawo da wani ɓangare na motsi, kuma na'ura ta nuna saƙo yana ratsa wurin yankan. Ba gudu suka tashi suna yi ba, motsi ne kaɗan. Amma a wurin da aka ce babu komai, kaɗan ɗin ya isa ya tayar da ƙura.

Abin da ta fitar a shekarar da ta biyo baya ya fi wannan girgiza mutane. Don a gane shi, sai an san yadda raunin jijiya ke tafiya. Bugun farko yana kashe zaren da ya kashe nan take, wannan ba mai iya mayar da shi. Amma matattun ƙwayoyin sukan zubar da sinadarai masu guba, jini ya ragu a wurin, maƙwabtan da suka tsira su fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya cikin awoyi da kwanaki, kamar gobarar kasuwa da ke tsallaka daga rumfa zuwa rumfa. Wannan ɓarna ta biyu takan fi ta farko faɗi. Schwartz, tare da ɗalibarta Gila Moalem da masanin garkuwar jiki Irun Cohen, suka murƙushe wani sashe na jijiyar idon ɓeraye, sannan suka yi musu allurar ƙwayoyin T masu gane mayalin. Waɗannan fa su ne ainihin ƙwayoyin da ake amfani da su a ɗakin gwaji in ana son a sa wa dabba cuta mai kama da MS. A idon mafi yawan masana, an ba kura ajiyar nama ke nan. Da aka ƙirga, ɓerayen da suka samu waɗannan ƙwayoyi sun tsira da ƙwayoyin jijiyar ido masu aiki kusan ninki uku na waɗanda aka yi wa allurar wasu ƙwayoyin T na daban.

Fassarar da ta yi ita ce, jiki yana ajiye wasu dakarun da suka san fuskar gida ne da gangan, don in gida ya rushe su san inda za su je su kira masu gyara. MS, a wannan fahimta, aiki ne na alheri da ya wuce gona da iri.

Suka ta zo, kuma ba ta rashin hujja ba ce. Phillip Popovich da abokan aikinsa a Jami'ar Jihar Ohio sun yi irin gwajin a raunin laka, suka ga ƙwayoyin T masu gane mayalin sun ƙara faɗin rauni, dabbobin suka ƙara shanyewa. An yi shekaru ana ja-in-ja a mujallu da zaurukan taro. Wanda ya bi muhawarar da idon adalci zai ga ita ce ta gyara fagen, domin ta tilasta wa ɓangarorin biyu su bar tambayar ko kumburi alheri ne ko sharri, su koma ga wacce ƙwaya, a wace rana, a wane gefen raunin. A 2009 ɗakin binciken Popovich ya nuna cewa makarofaj suna da hali iri-iri, wasu na kashe jijiya, wasu na taya ta tsiro, kuma a laka masu kashewar ne ke rinjaye su daɗe. A shekarar kuma, Ravid Shechter daga ɗakin Schwartz ta bambance ƙwayoyi biyu da aka daɗe ana ruɗewa da su saboda kamanninsu. Akwai 'yan gida, maikurogiliya, waɗanda Pío del Río Hortega ya bayyana tun 1919, su ne ke fara ihu su kunna wutar kumburi. Akwai kuma baƙin da ke shigowa daga jini, waɗanda ta tarar suna tsayawa a bakin raunin suna fitar da wani sinadari, IL-10, mai kwantar da wutar. Da aka hana baƙin shigowa, warkewar ɓerayen ta ragu. Wato wani kumburin, kumburi ne ke kashe shi.

Wannan ya haska wani abu da ya daɗe yana ɗaure wa likitoci kai: danne garkuwar jiki gaba ɗaya yakan ci amanar mai magani. David Warrell, likitan Ingila da ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a farkon shekarun 1970, ya gwada sitiroyid a Tailan kan mutum 100 da zazzaɓin cizon sauro ya hau musu ka suka suma. Rahotonsa na 1982 ya nuna maganin bai rage mutuwa ba, sai ma ya tsawaita suman. Shi ma sitiroyid ɗin raunin laka, a 2013 manyan ƙungiyoyin likitocin tiyatar jijiya biyu na Amurka sun ba da shawarar a daina shi, saboda illarsa ta fi amfaninsa tabbata, ko da yake har yau akwai masu ganin yana da wurinsa.

To ina majinyata a duk wannan? Nan ne labarin ke da ɗaci, kuma bai kamata a rufe shi ba. Wani kamfani mai suna Proneuron ya ɗauki dabarar 1998 ya kai ta asibiti. Ana ɗiban jinin wanda lakarsa ta tsinke, a tace makarofaj, a ajiye su tare da ɗan yankin fatarsa, a mayar masa da su cikin laka kafin a cika kwana 14 da rauni. A gwajin farko, wanda aka buga a 2005, uku daga cikin mutum takwas sun dawo da wani ji da motsi a ƙasan raunin. Iyalai suka fara sa rai. Gwaji na biyu, a asibitocin Amurka da Isra'ila, ya haɗa da rukunin da ba a yi wa allurar ba don a kwatanta, kuma ya tsaya kafin a kai adadin da aka tsara saboda ƙarancin kuɗi. Da aka buga sakamakon a 2012, cikin mutum 26 da aka yi wa allurar, bakwai ne suka samu ci gaba. Cikin 17 da ba a yi wa ba, goma. Murna ta koma ciki. Adadin ya yi kaɗan a ce allurar ta cutar, amma babu wata hanyar da za a ce ta yi amfani.

Da wani ne, da nan ya naɗe tabarmarsa. Schwartz kuwa ta riga ta hango wata tambayar da ta fi ta rauni girma: in ƙwaƙwalwar da ta ji ciwo tana bukatar garkuwar jiki, mai lafiyar fa? A 2004 ɗalibinta Jonathan Kipnis ya saka ɓerayen da aka haifa ba su da ƙwayoyin T cikin wani kwandon ruwa mai ɓoyayyen dandamali. Ɓera mai lafiya, in ya yi iyo ya dace da dandamalin sau kaɗan, sai ya haddace wurin ya riƙa zuwa kai tsaye. Waɗannan kuwa sai su yi ta kewaye. Da aka zuba musu ƙwayoyin T, koyonsu ya gyaru. A 2006 Yaniv Ziv, shi ma daga ɗakinta, ya nuna cewa irin waɗannan ɓeraye ba sa ƙera sababbin ƙwayoyin jijiya yadda ya kamata a sashen ƙwaƙwalwa mai riƙe tunani.

Amma ƙwayoyin T ba a ganin su suna yawo a cikin lafiyayyar ƙwaƙwalwa. Daga ina suke aikin? Amsar da ɗakin Schwartz ya bayar ita ce, daga bakin ƙofa. A cikin kogunan ƙwaƙwalwa akwai wani tattausan nama mai yawan jijiyoyin jini, koroyid, wanda ke tace ruwan da ƙwaƙwalwa da laka ke iyo a ciki, kimanin rabin lita kowace rana. An daɗe ana kallonsa a matsayin famfo kawai. Su suka nuna cewa zaure ne: ƙwayoyin T na zaune a nan suna sauraron abin da ke faruwa a cikin gida, kuma in an yi rauni, su ne ke ba da izinin a shigo da masu gyara. A 2014 Kuti Baruch ya nuna a mujallar Science cewa in ɓera ya tsufa, zauren nan yakan cika da wani sinadarin faɗakarwa, intaferon nau'i na ɗaya, kuma da aka toshe shi, tsofaffin ɓerayen sun ɗan farfaɗo a gwajin tunani. Shekara ɗaya bayan haka, Kipnis, wanda ya riga ya buɗe nasa ɗakin a Jami'ar Virginia, da wani rukuni a Helsinki ƙarƙashin Kari Alitalo, kowanne a nasa ɓangaren, suka bayyana magudanan ruwan garkuwa a rufin ƙwaƙwalwa, waɗanda littattafan koyon likita suka ce babu su. Wani ɗan Italiya, Paolo Mascagni, ya zana su tun 1787, aka ɗauka kuskure ya yi.

Daga nan Schwartz ta nufi cutar Alzaima, mai cinye tunanin tsofaffi har uwa ta kasa gane ɗanta. Kowa ya san akwai kumburi a ƙwaƙwalwar masu wannan cuta, kuma magungunan rage kumburi da aka gwada a kansu ba su yi nasara ba. Ita ta ce a juya dabarar: a saki linzamin garkuwar jiki na ɗan lokaci don zauren ya buɗe. Likitocin sankara sun riga sun mallaki irin wannan magani, mai cire birkin da ake kira PD-1, binciken da ya kawo wa Tasuku Honjo lambar Nobel tare da James Allison a 2018. A 2016 ɗakinta ya ba da rahoton cewa wannan allura ta rage daskararrun sinadaran da ke taruwa a ƙwaƙwalwar ɓerayen da aka ƙera da alamun cutar, tunaninsu kuma ya inganta. A 2018 masu bincike daga manyan kamfanonin magani uku suka maimaita gwajin a kan ɓeraye iri-iri, suka ce ba su ga daskararrun sun ragu ba. Maganar ba ta mutu ba, ba ta kuma tabbata ba. Kamfanin ImmunoBrain Checkpoint, wanda aka kafa kan aikinta, ya fara gwajin matakin farko a kan mutane a 2023, shekarar da aka ba ta Lambar Isra'ila, babbar lambar yabon ƙasarta.

In za a auna Michal Schwartz da yawan guragun da suka miƙe, ma'aunin babu komai a ciki. In kuwa da abin da masana ke tambaya a yau za a auna ta, to kaɗan ne a zamaninta suka kai ta. Ɗalibin da ya shiga fagen a 1995 an koya masa cewa ƙwaƙwalwa da garkuwar jiki ba sa ga maciji. Na yau ana koya masa sunayen ƙofofin da suke ganawa. Aikin da ɗakinta ya yi da na Ido Amit a 2017, inda suka bi ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya suka gano wani nau'in maikurogiliya da ke taruwa kewaye da daskararrun Alzaima, ya zama abin da kusan duk mai bincike a fannin ke komawa gare shi. Wasu maganganunta sun yi gaba da hujjar da ke hannunta, masu sukarta sun yi daidai da suka faɗa. Amma kan babbar maganar, cewa ƙwaƙwalwa ba ta rayuwa ba ta warkewa ita kaɗai, lokaci ya ba ta gaskiya.

Akwai abu guda cikin wannan ilimi da ke da amfani yau ga mai karatu, ba sai an jira wani gwaji ba, wato maganar ɓarna ta biyu. Wanda ya faɗo daga babur ko doki ko bishiya, ko aka zaro shi daga mota, ya ce wuyansa ko bayansa na ciwo, ko ƙafafunsa sun mutu, akwai zaren jijiya a lakarsa da ba su mutu ba tukuna. Kada a zaunar da shi, kada a lanƙwasa shi a cusa a bayan mota, kada a ja wuyan da sunan gyara targaɗe. A kwantar da shi a kan katako ko ƙyaure, mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jikinsa, a nufi asibitin da ke da likitan tiyatar ƙashi ko jijiya a ranar, domin bincike ya nuna tiyatar da aka yi cikin awa 24 don rage matsi a kan laka ta fi ba da sakamako. Duk wanda kuma ya zo wa iyali da wata allura, a gida ko a ƙasar waje, ya ce tana haɗa lakar da ta tsinke, su riƙe kuɗinsu su kashe a kan gashin ƙashi da motsa jiki da keken majinyaci da kula da fatarsa. Har yanzu babu irin wannan allura da gwaji ya tabbatar.